Na biya kuɗin filamingo, aka nuna min zaren ruwan hoda

Wallahi da ranar da muka dawo na rubuta wannan, ko tauraro ɗaya kamfanin yawon buɗe idon nan ba zai samu a wajena ba, sai dai na bari na ɗan huce tukuna. Mu huɗu ne ɗalibai a nan Astana, babban birnin Kazakistan, muka yi karo-karon tenge, kuɗin ƙasar, muka biya na yawon kallon tsuntsaye zuwa gandun Korgalzhyn, wajen kilomita 130 daga gari, tsakiyar watan Mayu. Ni dai filamingo, dogayen tsuntsayen ruwan nan masu launin ruwan hoda, ne suka ja ni, don tafkin Tengiz da ke can na cikin wurare mafi arewa a duniya da suke sheƙa su ƙyanƙyashe, yankin ma UNESCO ta sa shi a jerinta na wuraren gadon duniya tun 2008.

A tallansu hoton ƙaton madubin hangen nesa suka saka, irin mai ƙafa ukun nan, har da cewa za ka ga idon tsuntsu tar. To muna isa bakin ruwa bayan mun sha girgiza a hanyar da ba kwalta, sai yaron da aka haɗa mu da shi ya buɗe but ya tsaya yana sosa ƙeya, wai ya baro shi a ofis. Ya baro shi fa! Abin da ya ciro wani ɗan ƙarami ne na hannu, ido ɗaya ma dishi-dishi, shi muka dinga karɓa-karɓa kamar ludayin fura. Ni ban ce a kai ni kusa da sheƙarsu ba, na san an hana kuma daidai ne, ai dalilin da ya sa madubin ya zama dole kenan. Filamingon da na ƙwallafa rai a kai sai ga su can ƙarshen ruwa kamar an shimfiɗa zare ruwan hoda, turirin rana na ta kaɗa su, sauro kuma ya samu nama, ga iskar dajin nan da ba bishiya ko ɗaya da za ta tare maka. Har yanzu in na tuna raina sai ya sosu.

Direbanmu ne ya ceci tafiyar, wani dattijo ɗan ƙauyen da ba ya jin Turanci, mu kuma Rashancinmu na sayen burodi ne. A hanyar dawowa ya kauce ya tsaya bayan gari inda shanu suka cinye ciyawa ta zama gajeriya, ko'ina kashin shanu, na ce yau kuma me za mu gani a nan. Ya kashe mota ya nuna da baki. Sai ga wata tsuntsuwa mai dogayen ƙafafu, kai baƙi, farar gira ta zagayo har ƙeya, ƙirarta sak zakaran ƙeƙuwa na fadamun gida, tana tafe tana tsayawa dab da mu, ko madubi ba ka buƙata. Sociable lapwing ake ce mata, tana cikin waɗanda ke dab da ƙarewa a duniya, kuma irin wannan filin da dabbobi suka kiwace take nema ta yi ƙwai a ƙasa. Abin da ya kashe min jiki, in sanyi ya shigo wasunsu Indiya suke nufa, wasu su bi ta Gabas ta Tsakiya har Sudan. Ashe ta san Afirka, baƙuwa ce irina. Na fi minti 20 ina kallonta ban ce uffan ba.

Daga nan dattijon ya dinga taka birki yana nuna mana abubuwa, wasu ƴan tsuntsaye baƙi ƙirin a bakin hanya, da wasu masu kama da gauraka amma ba tukku, farin gashi ne ya zubo musu ta bayan ido, har gaggafa irin ta tutar Kazakistan muka gani tana shawagi. Don shi kaɗai na so na ba su taurari huɗu.

Sai kuma na tuna abincin rana. Sun ce yana cikin kuɗin, aka kawo abincinsu na gargajiya beshbarmak na naman doki ba wanda ya tambaye mu, mu ƴan Malikiyya muka ƙare da shayi da burodi. Na yi musu magana a WhatsApp su dawo da ko rabin kuɗin madubin ne, sun karanta, yau kwana 9 shiru kake ji. Taurari biyu, duka na direba ne. Mai zuwa ya tafi da madubinsa da maganin sauro, ya kuma sa a buɗe masa but tun kafin a bar Astana.