Takalmin masu zubin ƙarfe mara igiya, ra'ayina bayan na yi aiki da shi

Jama'a duk mai aiki kusa da tanderu ko yake ɗaukar ludayin zubi, don Allah ya daina saka sefti but ɗin nan mai igiya. Na koma irin wanda ake yi musamman don masu narkar da ƙarfe, mai marfin fata a saman ƙafa, kuma gaskiya ya biya kuɗinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne saurin cirewa, kana fizgar maɗaurin gefe ƙafa ta fito ko da safar hannu a hannunka. Wanda bai taɓa ganin ƙunar narkakken ƙarfe ba zai ga kamar ƙaramin abu ne, amma ka tuna alminiyon yana narkewa a digiri 660 ne, jan ƙarfe a 1085, kuma idan ɗigo ɗaya ya faɗa cikin takalmi ba inda zai je, nan zai zauna yana cin nama kai kuma kana ta kokawa da ƙullin igiya, shi ya sa ƙunar ƙafa take yin zurfi har sai an yanko fata daga wani wuri an dasa. Wannan kuwa samansa sumul yake ba ɗinki a fili, tartsatsi na sauka sai ya gangare ƙasa, tabo kawai yake bari a fatar takalmin.

Ku duba lambar EN ISO 20349, wato lambar ƙa'idar ingancin irin wannan takalmin, a jiki kafin ku saya, da alamar Al ko Fe, ta alminiyon daban ta baƙin ƙarfe daban.

Aibinsa nauyi da zafi, kafin a tashi aiki safa ta jiƙe sharkaf. Maɗaurin ma ƙura da yashi suna kashe shi, kwana biyu sai ka ga ya fara saki, wannan ya ɓata min rai sosai don a nan amfanin takalmin yake, ya kamata kamfanin ya gyara.

Sannan kar ka cusa wando a ciki, wandon ne zai rufe bakin takalmin. Safar roba irin ta nailan ma a'a, narkewa take ta manne da fata, auduga ko ulu za ka saka. Kuma takalmi ba zai hana fashewa ba in aka jefa jiƙaƙƙen ƙarfe a tanderu, dole a busar da kaya tukuna.

Tauraro huɗu na ba shi, maɗaurin ne ya cinye na biyar.