Paa: kwalliyar ta burge ni, tsayin Auro ya ɓata min rai

Duk wanda ya saba da muryar Amitabh Bachchan, mai kaurin nan da ake ganewa ko ta bayan katanga, zai yi minti goma cikin fim ɗin Indiya mai suna Paa yana neman inda mutumin ya shiga. Abin da ke gabanka yaro ne ɗan shekara 12 mai suna Auro: kai babba ba gashi, jijiyoyi kwance a fatar kai, haƙora a cakuɗe, ga tabarau, ga murya siririya. Fim ɗin ya fito a Disambar 2009, R. Balki ne ya ba da umarni, Amitabh kuwa yana da shekara 67 a lokacin. Ɗansa na cikinsa, Abhishek, shi ya fito a matsayin ubansa, Vidya Balan kuma uwa.

Kwalliyar nan ta cancanci yabo. Christien Tinsley da Dominie Till ne suka yi ta, kuma ba hoda ba ce, fatar roba ce aka ƙera gunduwa-gunduwa ana mannawa a kai da fuska da wuya, aikin sa'o'i kullum kafin a kunna kyamara. Inda irin wannan aiki ke tona kansa shi ne gefen ido da gefen baki, wurin da roba ta haɗu da fata: ɗan wasa na yin dariya sai gaɓar ta bayyana. A nan kuwa ko an matso da kyamara dab da fuska, kumatun na motsi tare da maganarsa. Ban yi mamaki ba da aikin ya ci lambar yabo ta ƙasar Indiya, shi ma Amitabh ya ci ta gwarzon ɗan wasa.

Amma da zarar Auro ya miƙe tsaye sai lissafi ya rushe, kuma wannan ne ya tsaya min a rai har ƙarshe. Cutar da yake ɗauke da ita, firojeriya, wato cutar saurin tsufa, babbar alamarta ita ce rashin girma. Ana haihuwar yaro lafiya ƙalau a ido, sai cikin shekara ta farko zuwa ta biyu nauyinsa ya tsaya, gashin kai da gira su zube, kitsen ƙarƙashin fata ya tafi, haɓa ta tsuke, gaɓoɓi su sandare. Ko ya kai shekara 13, da ƙyar tsayinsa ke wuce mita ɗaya da 'yar ɗoriya. Amitabh kuwa ya haura ƙafa shida. An sa shi duƙawa, an sa masa kayan makaranta masu yalwa, an yi dabarun kyamara, duk da haka ba ya ɓoyuwa a tsakanin 'yan ajinsu. Dubi inda Abhishek ya goya shi a baya: dogayen ƙafafun nan na babban mutum ne. Wanda bai taɓa ganin mai cutar ba zai tashi da hoton da ba daidai ba a kansa, kuma wannan ba ƙaramin kuskure ba ne a fim ɗin da mutane da yawa suka fara jin sunan cutar a cikinsa.

Gaskiya akwai inda suka dace. Cutar ba ta taɓa basirar yaro, shi ya sa kaifin bakin Auro da wayonsa suka zauna daram. Kuskure ne ke faruwa a ƙwayar halitta mai suna LMNA, yawanci ba gado daga uwa ko uba ba, jiki ya riƙa samar da gurɓataccen sinadari da ke lalata ƙwayoyin jiki. Kusan haihuwa ɗaya ce cikin miliyan 4. Jijiyoyin jini su yi tauri irin na dattijo, ajali kuma ya zo ta bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, galibi wajen shekara 14. Zaman Auro da kakarsa, wadda Arundhati Nag ta fito a matsayinta, shi ne zuciyar fim ɗin. Tsokanar jika da kaka ce irin wadda kowane gida ya sani. Kiɗan Ilaiyaraaja ma bai cika kunne ba, yana ratsawa a hankali.

To sai dai haushin ya dawo min a tsakiya. An ɗauki lokaci mai tsawo an ba wa siyasar uban: ɗan majalisa ne, yana rigima da 'yan jarida kan sake gina unguwar talakawa, har da doguwar fitowa a talabijin. Duk wannan lokacin Auro na gefe. Uwarsa likita ce a labarin, amma ban da kula da abincinsa, kaɗan ne muke gani daga ɗawainiyar yau da kullum: auna hawan jini da duba zuciya a kai a kai, asfirin kaɗan idan likita ya rubuta, abinci mai ƙara nauyi kaɗan-kaɗan sau da yawa, yawan shan ruwa, takalmi mai laushi saboda tafin ƙafa ba kitse, gashin ƙashi, da likitan haƙori. Da an ba wannan rabin lokacin da aka ba siyasa, da fim ɗin ya fi haka nauyi. Rashin ambaton lonafarnib, maganin da ake ba masu cutar, ba laifinsu ba ne, sai a 2020 aka amince da shi a Amurka, kuma tsawaita rai yake yi, ba warkarwa ba.

Ƙarshen kuwa ya sa ni hawaye duk da ƙorafina: iyayen suna zagaya gadon asibiti a madadin zagayen ɗaurin auren Hindu, yaron ya buɗe baki ya kira ubansa "Paa", wato Baba. Mai niyyar kallo da yara ya sani tun farko akwai cikin da aka yi ba aure, da maganar zubar da shi, kuma ana jifan Auro da kalmar shege, wadda ita ce ta sa ya nace sai iyayensa sun yi aure.