Rumfar Tsofaffin Mujallun Zane a Garwa

A kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, akwai wata rumfa da ke sayar da tsofaffin mujallun labaran zane na Faransanci, galibinsu Spirou, wadda ake bugawa a Beljiyam tun 1938. Farashin da sauƙi, kuma mai rumfar ba ya hana dubawa kafin a saya. Sai dai kowace fitowa tana ɗauke da labarai da dama, dogayen cikinsu kuma kashi-kashi suke zuwa. Da yake ba ya jera mujallun bisa lamba, mai karatu yakan faɗa tsakiyar labarin da bai san mafarinsa ba, dole ya tsallake. Shafukan barkwanci sun yi daƙal-daƙal da shatin yatsu, na dogayen labaran kuwa suna nan fes.