Ƙarfi ko Saiti: Nolan Ryan da Greg Maddux

A wasan besbol na Amurka, mai jifa, wato wanda ke jefa ƙwallo ga mai bugu da sanda, kan dogara da ƙarfin damtse ko da iya saiti. Nolan Ryan ya bi ta ƙarfi, domin jifansa kan kai gudun mil 100 a awa, kuma a tsawon shekarun wasansa ya fitar da masu bugu sau 5,714 ta hanyar jifan da suka kasa bugawa, sai dai sau 2,795 jifan ya kauce har mai bugu ya wuce sansanin farko kyauta. Salon Greg Maddux, wanda a ganina ya fi wuyar koyo, shi ne ajiye ƙwallo daidai gefen da yake so, yana sassauta gudu har mai bugu ya yi gaggawar kai sanda. Sau 999 kawai ya yi irin waccan kyauta, ya kuma lashe lambar Cy Young, wadda ake bai wa gwanin masu jifa na shekara, sau huɗu a jere daga 1992, lambar da Ryan bai taɓa samu ba.