Sharhina kan mai gyaran da ya tada mana tapin motsa jiki a Garwa

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu injin tafiya na motsa jiki a gida, wanda muke ce ma tapi, ga abin da na gani a hannun wani mai gyara a nan Garwa ta Kamaru. Ba zan faɗi sunansa ba dan ban nemi izininsa ba, amma aikinsa ya isa a yi magana a kai.

Namu okaziyon ne, wato na hannu, daga Duwala aka hawo da shi, kuma dan Inna muka saya tunda likita ya ce ta riƙa taka ƙafa kullum saboda ciwon suga, ga zafin Maris da Afrilu da yake wuce digiri 40, tsohuwa ba za ta iya zagaya unguwa ba. Da farko lafiya lau, sai ya fara wani hali, a kunna ya tashi amma da mutum ya hau ya yi 'yan mintuna sai ya tsaya cak, wani lokaci har da warin ƙonewa kaɗan kaɗan, daga baya ko allon ma ya daina kamawa. Wannan tsayawar ta ba zata ita ta fi tada min hankali wallahi, dan babba in ya faɗi a kan abin nan ba wasa ba ne. Mai gyara na farko ko murfi bai buɗe ba ya ce kart, wato faifan lantarkin da ke sarrafa injin, ta mutu a kawo kuɗin sabuwa.

Shi wannan na biyun daga bango ya fara. Ya sa mita a soket ya auna, ya karanta takardar da ke manne jikin injin, dan wutarmu 220 ce, su kuma waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka 110 zuwa 120 suke ci, in aka cusa su kai tsaye nan take suke ƙonewa. Namu na 220 ne alhamdulillahi. Amma ya tarar yana kan ralonj ɗaya da firiji, wato wayar ƙari mai soket da yawa, ya ce babban yaya wannan injin shi kaɗai yake son soket, kuma gidanku babu wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, shi ya sa ƙarfen riƙewa yake ɗan jan mutum. Ya duba makullin nan mai maganaɗisu da ake maƙalawa a riga, wanda in babu shi injin ba ya tashi, ya danna ɗan maɓallin kariya da ke kusa da wajen kunnawa, sannan ya zare waya daga bango ya zauna ya jira, ya ce kondansatan ciki, wasu 'yan kayan tara wuta, suna riƙe wuta ko bayan an cire, kar wanda ya yi gaggawar sa hannu.

Da ya ɗaga murfi ƙurar hunturu ce dam a kan komai. Fiyus ya tashi, kuma a nan na fara yarda da mutumin, bai ɗaura siririyar waya a gurbinsa ba kaman yanda wasu ke yi, ya ce fiyus ba ya mutuwa haka kawai, wani abu ne ya kashe shi. Ya cire wayoyin moto ya jona da batirin mota mai bolt 12, moton ya juya a hankali, ke nan yana da rai, sai dai sharbon ɗinsa, 'yan gawayin da ke shigar masa da wuta, sun cinye. A kan kart kuma ya gano babban taranzista ɗin da ke ba moto wuta ya ƙone.

Ni na ɗauka an gama, a canza a rufe. Sai ya zura hannu ƙarƙashin bel ɗin da ake takawa ya ce ni ma in taɓa, a bushe ƙayau, har katakon ya fara kaushi. Ya ce ga asalin ciwon. In bel ya bushe yana gogar katako, moto sai ya yi ta jan wuta fiye da ƙima dan ya ja nauyin mutum, kart ta yi zafi, ƙura kuma ta hana ta shan iska, har ta ƙone. Da mun sayi sabuwar kart ita ma haka za ta bi. Man silikon ya sa, ya ja kunnena kan baƙin mai ko giris, suna lalata bel.

Inda ban ji daɗi ba, ba ya cika alkawarin lokaci, ya tafi da kart shagonsa ta daɗe, ka kira ba ya ɗauka, ashe taranzistan ne bai samu a kasuwa ba sai da ya ba masu zuwa Yola sautu, to ai da ya faɗa min hankalina ya kwanta, duk tsawon lokacin Inna ba ta motsa jiki. Jaka 25 ya karɓa har da kaya, a ganina bai yi tsada ba.

Ya kuma ce in sayi regilata babba, mai daidaita ƙarfin wuta, ba irin na talabijin ba, kuma a riƙa zare waya in an gama. Kun san yawancin wutarmu daga madatsar Lagdo take zuwa a kan kogin Binuwai, in rani ya yi ruwa ya ja baya ɗaukewa takan yi yawa, kuma dawowarta da ƙarfi ita ke cin kaya. Ƙaramin gurup ma, wato janareta, ya ce kar a ɗora shi a kai.

Yanzu injin yana tafiya sumul, Inna ta koma takawarta bayan asuba, makullin kuma a ɗakinta yake kwana saboda jikoki. Wayar ƙasa ce ta rage, ya ce wannan aikin mai haɗa wutar gida ne, shi nake nema yanzu, in akwai wanda ya san na kirki a Garwa dan Allah ya taimaka min.