Markus ko Luka: Wanne Za a Fara Karantawa?

'Yan'uwa sun sha tambayata tsakanin littattafan Bishara na Markus da Luka wanne ya fi dacewa da nazarin shirya wa Ubangiji hanya. Markus 1:2-3 gajere ne, ana iya haddace shi a zama ɗaya. Ya haɗa Malakai 3:1 da Ishaya 40:3, sai ga Yahaya Maibaftisma sanye da tufar gashin raƙumi, yana cin fara da zuma. Luka 3:4-6 ya ja annabcin har zuwa Ishaya 40:5. Abin da ke taɓa zuciyata shi ne amsar Yahaya a gaba, da mutane suka tambaye shi "me za mu yi?": mai taguwa biyu ya ba marar ita, mai karɓar haraji kada ya karɓi fiye da abin da aka umarce shi, soja ya wadatu da albashinsa.

Sabon mai bi, Markus zai fi masa sauƙi. Mai tambayar "me zan yi?" ya zauna da Luka.