Sharhi a kan wata cibiyar ba da shawara kan zaman iyali a Jidda

Sau uku na je wannan cibiya, wadda wata ƙungiyar agaji ke gudanarwa a kudancin Jidda, kuma duka ukun rakiya na yi wa wata maƙwabciyata da mijinta ya daɗe yana duka, domin Larabcinta bai wuce na cefane ba. Ba a karɓi ko riyal ɗaya daga hannunmu ba, kuma mata ne ke karɓar mata tun daga bakin ƙofa.

Abin da ya fi burge ni shi ne jami'ar da ta saurare mu ba ta fara da kalmar haƙuri ba, wadda ita ce maƙwabciyata ta sha ji daga dangi shekara da shekaru. Ta rufe ƙofa, ta zuba mata shayi, ta bar ta ta yi kukanta, sannan ta tambaye ta ko tana da inda za ta kwana a daren nan idan abin ya sake faruwa. Da ta ga tabon da ke wuyan hannunta, sai ta ba ta shawarar zuwa asibiti a rubuta rahoto kafin ya baje. Bayan haka ta yi mana bayanin dokar kariya daga cutarwa da Saudiyya ta kafa a 2013, wadda ta tanadi ɗaurin wata ɗaya zuwa shekara ɗaya, ko tarar riyal 5,000 zuwa 50,000, ko duka biyun, ta kuma wajabta ɓoye sunan wanda ya kai rahoto. Ta rubuta mana lambar 1919, layin karɓar ƙorafin cin zarafi a cikin gida da ke aiki dare da rana, a kan wata 'yar takarda da ba ta ɗauke da tambarin cibiyar, don kada mijin ya gani ya gane.

Sai dai akwai gyara, kuma ba ƙarami ba. Babu mai jin Hausa ko ɗaya a cibiyar, alhali unguwannin da ke kewaye da ita cike suke da mutanenmu. Dole na zama tafinta, kuma a zama na biyu maƙwabciyata ta kama hannuna ta ce, “Yaya, akwai abin da ba zan iya faɗa a gabanki ba.” Na fita na ba su wuri, amma ba su da harshen da za su fahimci juna, don haka maganar ta koma ciki. Haka kuma layin farko na fom ɗinsu lambar igama yake nema, wato katin izinin zama na baƙi a Saudiyya, wanda hakan kaɗai ya isa ya kori matar da takardunta suka ƙare, ko wadda igamarta ke ƙarƙashin mijin da take kawo ƙararsa.

Wannan giɓi ya shafi bincike a kan cin zarafin mata kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i, kuma Saudiyya tana da Shirin Kare Lafiyar Iyali na Ƙasa tun 2005, wanda ke nazari a kan wannan matsala. Amma masu tsara manufofi da abin da aka rubuta suke aiki, kuma fom ɗin cibiyar ba ya tambayar harshen da mace ke ji, balle a ƙirga waɗanda suka juya daga ƙofa. Rusau ɗin da aka fara a tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021 ya ƙara tsananta lamarin, domin ya raba mata da yawa da maƙwabtan da ke kawo musu ɗauki.

Duk da haka ina ba kowace mace shawarar zuwa, musamman da safe kafin layi ya yi tsawo, tare da kwafin takardar aurenta da rahoton asibiti idan akwai. Ta zaɓi tafintar da ba ta da alaƙa da dangin mijinta. Ni kuwa na rubuta wa shugabar cibiyar takarda ina roƙon su ɗauki ma'aikaciya Bahaushiya, ko da kwana biyu ne a mako.